Shekarar da Na Daka Iri

Shekaranjiya mijin jikata ya shigo gaishe ni da wata 'yar leda a hannu, wai irin gero ne na zamani, an shafe shi da jan magani, ko kaza ta ci sai ta mutu. Na karɓa na jujjuya, na ce masa ai kuwa an yi dabara, an yi maganin mata masu ɗan hali irina. Ya yi dariya don bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Yana fita na ɗaga kai na ga hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, kafin in kwashe shanya iska ta watsa shi. Kwana tara ke nan yana yi mana haka a Gashuwa. Ba na ƙaunar irin wannan hadarin mai alkawari ba cikawa, don shi ya yi ta shawagi a kanmu a shekarar da Malam ya kwanta.

Malam shi ne mijina. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu da furfura ba. Bafulatani ne, daga gidan masu shanu da suka daɗe da zama a Gashuwa. Annobar shanu ta share musu garke cikin 'yan makonni, sai ya koma ya rungumi gonar geron ubansa da ke kan hanyar Jajimaji, da wata 'yar fadamar shinkafa a bakin kogi. Ni kuwa 'yar Nguru ce, iyayena Haɗejawa ne masu kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Na tashi na san awo, na san atamfa mai zuba da marar zuba, amma in ka tsayar da ni a gona ban san gero da maiwa ba. 'Yar kanti yake ce mini in ya so tsokana, kullum kuwa yana so.

Daminar da ta gabaci ciwon ba ta yi ba. Lokacin muna cikin jihar Borno, soja ke mulki, ana jera mutane a layi da bulala kafin su sayi sabulu. Gero ya yi kara ya tsaya, yawancinsa ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba. Kogi bai hau fadama ba, don haka ba a yanki shinkafa ba ko ta rantsuwa. Da rani ya yi nisa, kogin nan da ake haye shi da kwalekwale ya koma rairayi, mata na tona rami a tsakiyarsa suna zaune suna jiran ruwa ya tsattsafo. Ungulu ne kaɗai suka yi ƙiba a shekarar.

Daga ɗan abin da gonar ta bayar, Malam ya zauna ya tsinci zangarniyoyin da suka fi cika, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure dami guda, ya rataye a madafa can saman murhu inda ƙwaro ba ya zuwa. Ya kira ni ya nuna mini.

"'Yar kanti, wannan ba abinci ba ne, iri ne. Ko ni na ce ki sauke, ki tambaye ni sau biyu."

Ciwon da baya ya fara. Ya ce haƙar rijiyar da suka yi a fadama ce. Sai abinci ya fita kansa, wando ya fara zame masa. Wata safiya na kai masa ruwan wanka na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce, aka yi ta jiƙa masa saiwar rawaya da sassaƙe iri-iri. Fitsarinsa ya zama kamar baƙin shayi, jikinsa ya kama ƙaiƙayi, yana susa da totuwa har jini ya fito. A asibitin gari suka duba suka ce abin ya fi ƙarfinsu, sai Kano.

Yayansa, wanda muke kira Yaya Alhaji, dillalin shanu ne a kasuwar Nguru, shi ya ɗauke shi a jirgin ƙasa. Ni na zauna gidan mahaifina da yaranmu uku, duk mata, babbar ba ta wuce shekara bakwai ba. Mako uku ina jin kukan jirgi ina fita ƙofa. Ranar da suka dawo, na ga Yaya Alhaji ya fara saukowa, ya juya ya tallabo wani tsoho mai riƙe da ciki. Sai da tsohon ya yi mini murmushi na gane mijina ne. An tsaga shi daga ƙirji har cibiya.

Da la'asar, Malam na kwance a ɗakin baƙi, Yaya Alhaji ya aika a kira ni zaure. Bai kalle ni ba, carbinsa yake kallo.

"Hajara, ki riƙe zuciyarki. Sun buɗe, sun duba, sun rufe."

"Sun cire abin, Yaya?"

"Babu abin cirewa. Ciwon daji ne, a wani ɗan nama da ke kwance bayan tumbi, ya riga ya kama hanta. Likitan ya ce wata biyu, in an yi nisa uku. Sauran sanin na Allah ne."

Na ji zauren ya yi mini faɗi. Na dafa bango na tambaye shi ko shi mai ciwon ya sani.

"Bai sani ba, kuma ba zai sani ba. An ce masa matsarmama aka wanke masa. Fargaba takan riga ajali kayar da mutum. Ki yi mini alkawari ba za ki gaya masa ba."

Na yi masa alkawari. Me zan ce? Shi ne babba, shi ya ga likita, ni ko turanci ba na ji. Yanzu in ka je asibiti likita zaunar da kai yake, ya juyo maka hoton cikinka ya nuna maka abin da yatsa, ka fito kana kiran 'yan'uwa a waya kana gaya musu. A wancan lokacin ciwon mutum na danginsa ne, shi ne na ƙarshe da zai ji, in ma ya ji. Na ga wannan na ga wancan, kuma ban ga wanda ya zo da sauƙi ba.

Muka koma Gashuwa saura kwana goma azumi. Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, wanda bai yi shi ba ba zai gane ba. Tun hantsi ƙofar kwano ba ta taɓuwa. Ruwan randa da ɗumi. Nakan jiƙa zane in shimfiɗa masa a baya, kafin in kai ƙwarya madafa in dawo ya bushe. Wata rana tsuntsu ya faɗo daga kan darbejiyar tsakar gida baki buɗe, yaran suka ɗiga masa ruwa bai tashi ba. In an yi azahar gari yakan yi tsit, ba ka jin komai sai kukan jaki daga nesa.

Abincinmu jar masarar agaji ce, wadda ake shan layi a karɓo, tuwonta na tsayawa a wuya. In ta yanke sai 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Da asuba in ɗora, da hantsi in tafi ramin kogi ɗibar ruwa, da azahar in wanke masa ɗinkin, da la'asar in sake ɗorawa. Liman ya zo har gida ya ce masa ya ajiye azumi, ya ajiye yana jin kunya kamar ya yi sata, duk da ba wani abu yake ci ba. Masara ba ta zama a cikinsa. Duk abin da mai ya taɓa, ko ƙamshinsa ne, sai ya dawo. Abu ɗaya cikinsa ke riƙewa, kunun gero tsararo da 'yar tsamiya.

Geron da mahaifina ya ba ni daga Nguru ya ƙare a makon farko na azumi. Yaya Alhaji ya zaga kasuwar Nguru, ya aika Jajimaji ranar kasuwa, aka ce ko na magani babu, masu shi sun ɓoye na shukarsu. Kwana uku Malam bai sa komai a ciki ba sai ruwa. Ba ya iya kwanciya rigingine, sai na kifa masa turmi na ɗora matashi, ya zauna ya rungume shi, don a sunkuye ne kawai ciwon ke ɗan sakinsa. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, Bafulatani ne. Sai dai in ji haƙoransa suna ƙara.

A rana ta huɗu na tsaya a madafa na ɗaga kai na kalli damin. Na ce a raina, wa za a ajiye wa? Mai gonar ba zai ga kaka ba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: a ranar ban tuna da 'ya'yana ba, ban tuna me za su ci baɗi ba. Mijina nake gani yana rungume da turmi. Na taka kujera na zaro zangarniya biyar daga tsakiyar damin, yadda ta waje ba za a ga giɓi ba. Na ji kaina da wayo.

Ban isa in sussuka a gida ba, don manomi ya san ƙarar gero a turmi ko yana barci. Na ɓoye su cikin mayafi na bi ta ɓarakar zana zuwa gidan maƙwabciyarmu Ya Falmata, wata dattijuwa Babarbariya da ta girme wa uwata.

"Wushe, 'yata. Yaya mai jiki?"

Na ce da sauƙi, na zube mata abin da na kawo. Ta ɗauki guda ta duba tsawonta, ta duba cikarta.

"Ke Hajara, wannan ai iri ne."

"Na sani, Ya Falmata."

"Kin sani? Matar manomi ba ta daka iri, sai in..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi fuskata ta daɗe, sannan ta yi salati a hankali, ta miƙe ta ɗauko taɓarya. Tana azumi ina azumi, muka sussuka muka surfa.

Da na kai masa kunun, ya kurɓa sau ɗaya ya tsaya. Ya leƙa cikin ƙwaryar.

"Daga ina?"

"Baba ne ya aiko daga Nguru."

"Allah ya saka masa da alheri."

Ya shanye tas, kunun ya zauna a cikinsa. Na koma madafa na yi kukan daɗi. Kashegari na sake taka kujera, jibi ma haka. Na daina ƙirga zangarniya, na dai riƙa ƙara matse igiyar don kada damin ya zube.

Ɗan ƙarfin da kunun ya ba shi, a kan kallon sama ya ƙarar da shi. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta yi sanyi, kaji su shige akurki, a ji ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri can. Sai ya tsage gida biyu ya wuce mu. An fita roƙon ruwa bayan gari har sau biyu, maza da mata da dabbobin da suka rage. Shi kuwa Malam sai zancen binne yake yi. Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira, don ruwan farko ya same shi a ciki. In ruwan ya zo da ƙarfi ka riga kowa. In yayyafi aka yi aka ɗauke, ya tsiro ya ƙone, sai ka sake shuka da abin da ka rage. Shi ya sa mai hankali ba ya zuba irinsa duka a binne.

"Ashirin ga azumi zan yi binne," in ji shi. "Rabi a ƙasa, rabi a rataye."

Duk ranar da ya faɗi haka sai in tuna giɓin da ke cikin damin. Ina tsoron ranar binnen fiye da yadda nake tsoron mutuwar tasa, don ita mutuwar ban san ranarta ba.

Ranar sha tara da hantsi yana kan turminsa a inuwar darbejiya, yaran na wasa a gefe, ya ce in sauko masa da damin. Na tsaya. Ya ce, "Na ce ki tambaye ni sau biyu, to na faɗa sau biyu. Sauko da shi."

Na kawo. Damin da namiji ya ɗaga da nishi, ni na ɗauko shi da hannu ɗaya. Ya ɗora a cinya bai ko kwance igiyar ba, ya ɗan jijjiga shi.

"Rabi ya tafi," ya ce.

Na fara haɗa wata ƙaryar, wai ɓeraye. Ya ɗaga mini hannu.

"'Yar kanti, geron kasuwa ba ya warin hayaƙi. Wata takwas wannan yana shan hayaƙin murhunki. Tun kurɓar farko na ji shi."

Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi ya taso mini, don ni haka nake. Na ce, "To da ka ji me ya sa ka sha? Me ya sa ka bar ni ina ta hawa kujera kamar ɓarauniya?"

"Yunwa nake ji," ya ce. "Kuma ina so in ga ko za ki daina. In sau ɗaya kika yi kika bari, tausayi ne. Da na ga kullum kina yi ba ko waiwaye, na san an gaya miki abin da ba a gaya mini ba."

Ya dubi yaran, ya rage murya.

"Ba a nan ba. Gobe ki aro jakin gidan Ya Falmata. Kuma daga yau hannunki ya fita daga damin nan. Abin da na sha, na yaran nan na sha."

Kashegari da sassafe muka fita. Yana kan jaki a sunkuye, ya rungume wuyansa, ina ja, Ya Falmata na biye da ƙwaryar irin da muka sussuka da sungumi a kafaɗa. Hanya duk ƙasusuwan shanu ne sun yi fari. Gonar da na taɓa gani sau ɗaya tana kore, yanzu rairayi ce zalla da kututturen kara. Muka sauke shi a gindin wata aduwa da ke tsakiyar gonar. Ya Falmata ta ce za ta je ta duba iyaka, ta yi nisa da gangan.

"Hajara," ya ce. Rabon da ya kira sunana har na manta. "Zauna."

Na zauna. Na ce masa na yi wa Yaya alkawari.

"Na san aikin Yaya ne. Shi saniya ma in za a yanka ta sai ya juya mata fuska. Ba sunan ciwon nake nema ba, ba zai amfane ni da komai ba. Aiki nake so in raba. Zan ci tumu?"

Tumu shi ne sabuwar zangarniyar da ake gasawa kafin girbi, abin da ya fi so a duniya. Na dubi idonsa masu ruwan ɗorawa, na dubi gonar. Na san in na ce masa in Allah ya so, zai gyaɗa kai ya ƙyale ni, kuma daga ranar shi kaɗai zai riƙa ɗaukar abinsa, ni ina gefe ina masa murmushin ƙarya. Na ji ba zan iya ba.

"A'a," na ce.

"Zan ga geron ya yi bununi?"

"A'a, Malam. Likitan ya ce wata biyu, in an yi nisa uku. An ci ɗaya."

Ya yi salati. Ya daɗe yana kallon gabas, hannunsa na wasa da rairayi. Ni nake kuka, shi yana lissafi.

"To noman fari ina nan, ko daga gindin bishiyar nan ne zan nuna miki. Maimai, noma na biyu, naki ne, ki nemi gayya wajen mutanen Ya Falmata, ba za su ƙi ki ba. Irin nan sau ɗaya zai shuku, babu na biyu, don haka daga aduwar nan zuwa gabas kawai za ku yi, nan ne ke riƙe laima. Tashi ki ɗauki sungumin. Ba haka ake riƙe shi ba, 'yar kanti, ba mudu ba ne."

Haka muka yi. Ina sara ina tafiya, Ya Falmata na bina tana zuba iri tana rufewa da dunduniya, shi yana gindin aduwa yana ɗaga murya da ɗan abin da ya rage masa, wai layina ya karkace. Hannuna ya yi kanta ya fashe, maƙogwarona ya bushe har ba na iya haɗiye yawu. Kafin azahar ƙwaryar ta zama wayam. Muna ɗora shi a kan jaki hadari ya fara haɗuwa, muna isa gida ya watse.

Bai ƙara samun kunun gero ba, don babu geron. Na tace masa ruwan masara, na dafa masa ruwan tsamiya, in ya kurɓa ya dawo. Amma a kwanakin nan ya yi magana fiye da duk shekarun aurenmu. Ya gaya mini iyakokin gonar bishiya bishiya. Ya aika aka kira wani mutum da suka yi shekara biyar ba sa gaisawa saboda rigimar fadama, suka yafi juna. Ya sa na kawo masa yaran ɗaya bayan ɗaya ya dafa kansu. Ran sallah ya sa aka sa masa farar rigarsa yana zaune a kan turmi. Kwana shida bayan sallah, da rana tsaka, ya cika, sama ba ko gajimare.

Da aka dawo daga kai shi, Yaya Alhaji ya shigo cikin gida yi mini gaisuwa. Ya riga ya ji komai, don Malam da kansa ya gaya masa. Ya tsaya a bakin ƙofa idonsa jawur.

"Hajara, likita ya ba shi wata biyu zuwa uku. Ko biyun bai cika ba. Bakinki ya rage masa sauran."

Ƙaninsa ya rasa, kuma son sa yake yi, ba ni kaɗai ke son sa ba. Har ya bar duniya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shekara arba'in ke nan ina juya maganarsa, wata rana in ba shi gaskiya, wata rana in ba kaina.

Ruwa ya sauka kwana huɗu bayan rasuwar, mai ƙarfi, tun azahar har la'asar sakaliya. Ina zaune a ɗaki cikin takaba ina jin yara a waje suna ihu suna tsalle a cikinsa. Da lokacin noman fari ya yi, 'yan'uwansa maza suka ce in zauna za su je, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san inda shukar ta fara da inda ta tsaya. Na yafa mayafina na ɗauki hauyarsa na shige gaba. Geron ya fito a karkace yadda na sara shi. Na tsaya a bakin layin farko, na waiwaya wajen aduwar ina jiran a ce mini ba haka ake riƙe hauya ba.